Sabon Madabod a Kwamfutar Yaya Haladu

Da sunan Allah nake ɗorawa. Wanda yau ya fara leƙo shafin nan ya samu wuri ya zauna, bai makara ba. Sunana Zinnira, 'yar Garo ce ni ta ƙasar Kabo, ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi da ke bakin titi. Ku kuma da kuka cika min waya da "wai wa kika zaɓa," ku yi haƙuri, yau zancen kwamfuta na zo muku da shi. Na san wasu har sun taɓe baki. Ku dai karanta.

Mu Fulani ne, amma na suna. Shanun sun koma 'yan ƙalilan a turke, fillancin kuma ya bi kakarmu Dada kabari, abin da ya rage mana a baki bai wuce gaisuwa da zagi ba. Wana Yaya Haladu ne kaɗai abin ya dama. Yana jami'a a Kano, duk hutun da ya zo sai ya shimfiɗa wa Dada tabarma a gindin darbejiya, ya buɗe kwamfutarsa, ya sa ta tana ba shi labarin yawonsu da shanu, da sunayen shanun, da waƙar da ake yi wajen tatsa. Yana tambaya da gurguwar fillancinsa, tana ƙyaƙyata dariya tana ce masa Kaɗo. Dada ta rasu. Bara kuma mota ta kaɗe Yaya a kan babur a hanyar Gwarzo, wayarsa ta ragargaje a wurin. Shi mutum ne da ba ya aika saƙon murya, ya ce aikin ragwaye ne, kira yake yi. Saboda haka duk duniyar nan babu inda muryarsa ta rage sai a cikin wannan kwamfutar.

Tun ranar sadakar uku Inna ta naɗe jakar kwamfutar da sabon zane ta ɗora a saman sif. An rabar da kayan sawarsa, an ba abokansa littattafansa, amma jakar nan ko Baba bai isa ya taɓa ba. Abin da ba mu lura da shi ba, kwanon ɗakin yana yoyo daidai wurin. Damina guda ruwa yana ɗiga a kanta.

Ranar da Inna ta sauko da ita zanen har ya yi fumfuna. Na jona caji, na danna, na sake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Zinnira."

"Na'am, Inna."

"Wannan yaron na Gwarzo, ba gyaran irin wannan yake yi ba?"

Na sunkuyar da kai. Inna ba ta taɓa ambatonsa da bakinta ba sai ranar.

"Ki kai masa. Ba na son komai a ciki, dariyar nan kawai nake so in sake ji."

Ga waɗanda ba su sani ba, yaron na Gwarzo shi ne Abdulnasir, mai shagon gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha. Ɗan gidan 'yan kasuwa ne, fari, mai saurin magana da saurin dariya, kuma shi zuciyata ta kwanta da shi. Baba ya ce in an gama girbi in fito da miji, ba zai zaɓa min ba amma ba zai zuba min ido ba. Goggo Asta, ƙanwar Baba, ita tuni ta gama zaɓa min ɗanta Badamasi, kullum ta zo sai ta yi waƙar "na gida ya fi." Badamasi aminin Yaya ne, tare suka taso kiwo, shi ya tsaya a gona da turken raguna. Taubashina ne, amma tunda nake da shi bai taɓa tsokanata ba. Da ya zo zance, gaisuwa muka yi, ya tambayi lafiyar shanu, muka zauna muna sauraren kukan tsuntsaye. Na ba shi haƙuri cikin mutunci. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya hau babur ɗinsa.

Na kai wa Abdulnasir kwamfutar, na gaya masa abin da ke ciki da wadda ta aiko ni.

"Dubawa kawai za ka yi," na ce. "Ka gaya min abin da ya same ta kafin ka taɓa komai."

Ya dafa ƙirji. "An gama, ranki ya daɗe."

Aka ɗan kwana biyu ban ji komai ba. Sai jiya ina gyara wa yara littattafai saƙonsa ya shigo.

"Malama Zinnira, gobe in an tashi makaranta ki biyo. Akwai albishir."

"Goro fari ko ja?"

"Murmushi ya isa."

Ni ko da rawar kai, yau da na dawo na sake wanka, na sa atamfata ruwan zuma ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na zizara kwalli, na shafa humrar da Goggo Asta ta ba ni. A raina na ce, Goggo ki yafe min, turarenki zai je inda ba ki aike shi ba. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta bi ni da ido har zaure. Na ga ta wanke tabarmar Dada ta shanya a kan igiya.

Na tarar da shi ba da rigar aiki ba. Shadda ya sa ruwan toka da hula kube, ya share shagon, ya kashe rediyo. Kwamfutar tana kan tebur an rufe ta da farin hankici kamar kwanon baƙo. Muka gaisa, ya tambayi Inna da Baba da 'yan makaranta da gajiyar hanya, duk yana murza hannu.

"Ruwa ya cinye madabod ɗin," ya ce. "Shi ne babban allon da ke cikinta, komai a kansa yake zaune. Na shiga Kano na samo irinsa sak, na sa mata."

"Na ce ka gaya min tukuna."

"Na sani. So na yi ki gani kawai. Na gwada, tana kawo wuta. Haddisk ɗin ne ban mayar ba sai ɗazu, don ke nake so ki fara ganin fuskarta."

Gaskiya zan faɗa muku, fushin bai zauna ba. Wace ce za a yi wa haka ta ɗaure fuska? Na ja kujera na zauna.

"Za ta tashi yadda ya bar ta? Da hotonsa da komai?"

"Windos, wato tsarin da ke tashe ta, ai ba a madabod yake zaune ba, a haddisk yake, inda take ajiye kaya. Allo kawai aka canja. Na yi irin wannan ya fi a ƙirga. Iyaka ta ɗan yi jinkiri tana sabawa da sabon, ko ta rubuta a gefe tana neman a sabunta mata lasisi. Wannan ba ya hana ta aiki. Bismillah."

Na yi bismillah na danna. Fanka ta motsa a ciki, fuskar ta kawo haske, gabana ya faɗi don na san hoton da Yaya ya sa a gaba, shi da Dada ne a gindin darbejiya. Amma ba shi ya fito ba. Fuskar ta koma shuɗiya gaba ɗaya, da farin rubutu na Turanci, da wani dogon gurbi da babu komai a ciki.

Na dubi Abdulnasir. Murmushin yana nan a bakinsa, amma ya bar idonsa.

Ya kashe ya kunna. Ya shiga wani wuri ya fito, ya sake kashewa. Shuɗin nan dai. Ya cire hular ya ajiye a kan tebur, gumi ya jiƙa masa goshi.

"Mene ne?"

"Makulli take nema."

"Wane irin makulli?"

Ya ja numfashi. Ya ce yawancin kwamfutocin da ake kawo masa tsofaffi ne, haddisk ɗinsu a buɗe yake, duk allon da ka ɗora shi a kai zai tashi. Amma wasu sababbin, da zarar mai su ya shiga da imel ɗinsa, sai su kulle haddisk ɗin da kansu saboda ɓarayi, su ɓoye makullin a wani ɗan ƙaramin abu da ke manne a jikin madabod. Muddin allon nata ne, za ta buɗe ba tare da ka san ma akwai kulle ba. In aka canja allo, sai ta ɗauka sace ta aka yi. Windos ɗin yana nan lafiya, kayan Yaya suna nan lafiya, amma ba za ta nuna ba sai an rubuta mata lambobi arba'in da takwas a wannan gurbin.

"To a mayar da tsohon mana."

"Ya mutu."

"Ba a gyara shi?"

"Akwai masu iya tashinsa a Kano, ko na ɗan lokaci ne, a kwashe kayan."

"To ina yake?"

Ya dubi bayan ƙofa, na bi idonsa. Wani ƙusa ne a bango, babu komai a rataye.

"Buhu nake ratayewa a can," ya ce a hankali. "Duk allon da ya mutu nan nake jefawa. Ranar kasuwa 'yan gwangwan suka zo suka auna suka tafi da shi. Haka muke yi, Zinnira. Wallahi ko tunani ban yi ba."

Ya fita da gudu zuwa inda suke tara kaya a bayan tasha. Na zauna ni kaɗai da shuɗin hasken nan. Na yi ƙoƙarin tuno dariyar Yaya, sai na ga ina tuna yadda kafaɗarsa ke girgiza da yadda yake dukan cinya, amma sautin ya ƙi zuwa. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai. Ashe ba Inna kaɗai ke buƙatar abin da ke cikin nan ba.

Ya dawo shaddar duk ƙura. Motar kayan ta riga ta wuce Kano, can kuma farfasa su ake yi a ware ƙarfen.

"In aka yi mata fomat, aka goge komai, za ta yi aiki kamar sabuwa," ya ce, ba ya kallona.

"Da muryar?"

"Babu."

"To kada ka sake faɗa."

"Ba zan sake ba."

Na ji haushinsa har wuya, kuma na ji tausayinsa, duka a lokaci guda. Bai yi don mugunta ba, don ya faranta min ya yi. Amma magana ɗaya na roƙe shi, ya ji ta, ya dafa ƙirji, sannan ya yanke cewa ya fi ni sanin abin da zai faranta min. Na zauna ina tunanin ko haka zaman aure da shi zai kasance, alheri yana zuwa ta inda ban nema ba, ina biyan kuɗinsa da abin da ba ya dawowa. Ban gaya masa wannan ba.

Ya ce saura hanya ɗaya. Irin wannan makullin, kwamfutar takan aika da kwafinsa cikin asusun imel ɗin mai ita. Imel ɗin Yaya na san shi, don da shi ya cike min takardun makaranta. Lambar sirrin ce ban sani ba. Abdulnasir ya gwada a wayarsa, aka ce za a iya sake sabuwa, amma sai an tura wasu lambobi zuwa layin wayar mai asusun. Aka nuno ƙarshen lambar. Ta Yaya ce.

"Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sake sayar da shi ake yi," ya ce. "Ƙila yanzu yana hannun wani a Legas ko Fatakwal. Ki kira. In mutumin kirki ne, ki roƙe shi ya karanto mana abin da za a turo."

"In a kashe yake fa?"

Ya miƙo hannu.

"Kawo in kira miki."

"A'a. Ni zan kira."

Amma ban iya kira a gabansa ba. Lambar tana nan a wayata da sunan da na sa mata, ban goge ba, ban kuma taɓa dannawa ba tun ranar hatsarin. Na bar kwamfutar a shagon, na ce kada ya taɓa ta ko da hankici ne. Ya rako ni tasha yana ta ba ni haƙuri har mota ta tashi.

Na shiga gida bayan la'asar na tarar da Goggo Asta a kan tabarmar Dada tana dama fura. Ta dubi hannuna, ta dubi kwalliyata, ta shaƙi humrarta a jikina.

"A'a, 'yar gidan injiniya. Ina kayan?"

"Ba a gama ba, Goggo."

"Uhm. Su dai mutanen gari baki ne da su kamar rediyo."

"Asta," Inna ta ce, sai Goggo ta ja bakinta ta ci gaba da damu.

Na durƙusa kusa da Inna na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce an canja mata wani abu a ciki, ita kuma ta ƙi yarda da sabon, ta riƙe abin da ke cikinta. Ban ambaci buhu ba, ban ambaci 'yan gwangwan ba. Na ga kaina ina rufa masa asiri tun ba a ɗaura ba.

Inna ta daɗe tana kallon rariyar da ke hannunta.

"Kamar saniya ke nan," ta ce. "In ɗanta ya mutu aka kawo mata wani, sai ta shinshina ta ɗauke nonon. Yana nan a jikinta, amma ba za ta sake shi ba."

"Haka ne, Inna."

"Dada takan sa a lulluɓa wa baƙon fatar nata ɗan. In ta ji warin sai ta saki." Ta ɗago ta dube ni. "Ita wannan ba ta da abin da za a shinshina mata?"

"Akwai. Shi nake nema."

"To Allah ya sa a dace."

Na zagaya bayan gida wajen turke, inda babu mai jina sai shanu. Na zauna a kan turmin da ya fashe. Na shirya abin da zan ce da Turanci ko da Bayarabe ne ya ɗauka, na shirya yadda zan daure in aka ce layin ba ya aiki. Sannan na danna sunan Yaya.

Ta shiga. Tana ringin.

Na kusa katsewa aka ɗauka, ina jin kukan raguna daga can.

"Salamu alaikum," na ce. "Don Allah ka yi haƙuri, wannan layin na wana ne da ya rasu..."

"Wa alaikumus salam, Zinnira."

Na san muryar. A hankali take fita, kamar mai ita yana auna kowace kalma.

"Yaya Badamasi?"

"Na'am. Ya gida? Ya su Inna?"

"Lafiya lau. Yaya aka yi layin nan ya zo hannunka?"

"Ni na fara isa wurin ranar. Wayar ta fashe, na tsinci sim ɗin a cikin ɓaraguzan. Na sa shi a wata 'yar ƙaramar waya. Nakan sa masa kati in ɗan yi kira da shi, don an ce in aka bar shi za a ba wani."

"Ba ka gaya wa kowa ba."

"Ba a tambaye ni ba."

Na gaya masa zancen kwamfutar a gurguje, da makullin, da lambobin da za a turo. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Bai tambayi wanda ya yi gyaran ba, bai tambayi yadda aka yi tsohon allon ya ɓata ba.

"In an turo sai ka karanto mana ta waya," na ce.

"A'a. Kayan Haladu ne, ba zan karanto shi a iska ba. Gobe zan kawo wayar shagon da kaina. Ki gaya wa mai shagon."

"To. Na gode. Amma me ya sa ka riƙe shi duk tsawon lokacin nan?"

Ya sassauta murya.

"Inna takan kira ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci."

"Wace Innar?"

"Taku. Ba na ɗauka. Takan bar shi ya yi ta ringin har ya katse da kansa. Na ga gara ya riƙa shiga da a ce mata a kashe yake, ko wani baƙo ya ɗauka ya ce mata ba ta kira daidai ba."

"Ta san kai ne?"

"Ban sani ba. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa ce min komai ba. Yau ma don na ga sunanki ne na ɗauka."

Muka yi sallama. Na zauna a kan turmin nan ina kuka ba sauti, wata karsana ta miƙo wuya tana lasar gefen mayafina. Ta kafar zana ina hango Inna, ta koma tankaɗenta, 'yar wayarta tana ƙulle a bakin zane inda take ajiye ta kullum. Mutumin da na ce ba shi da magana, ashe duk Juma'a yana zaune da waya a hannu yana kallonta tana ringin, don kada uwata ta ji ƙofar ta rufe.

Ban san ko makullin yana cikin imel ɗin ba. Abdulnasir da kansa ya ce ba kullum ake samu ba. Abin da na sani, gobe su biyun za su tsaya a shago ɗaya, a gaban kwamfutar Yaya, ni ina tsakiya.

Wayata ta yi ƙara. Abdulnasir ne.

"Kin kira? Wa ya ɗauka?"

Na rubuta sunan na goge. Na sake rubutawa na goge. Har Inna ta ƙwala min kira in zo in ɗora tukunya, ban tura masa komai ba.